Baban Kowa

A layin da ke bayan tashar mota akwai wani shago mai shuɗiyar ƙofa, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da katifu. Shekara talatin da shida mutum ɗaya ke buɗe shi kowace safiya, ya share bakin ƙofa, ya fito da allon da ya manna hotuna a jiki ya jingina shi da bango. Sunansa na gaskiya sai a takardu. Kowa Kar-ka-motsa yake ce masa, don kalmar da ke bakinsa ke nan tun zamanin da in mutum ya ƙifta ido sai filim ya tafi a banza. Yaran da ya ɗauka suna rarrafe sun girma sun kawo nasu yaran, su ma da wannan sunan suka san shi.

Shagon ɗaki biyu ne. A na gaba akwai labule mai zanen bene da matakala, wanda rabin unguwar sun tsaya a gabansa suna hura hanci kamar gidan ubansu ne. Akwai kujera mai hannu, da tukunyar furen roba, da wani baƙin tarho wanda igiyarsa ba ta zuwa ko'ina, amma samari ba sa yarda a ɗauke su sai sun kara shi a kunne. Na ciki kuwa ɗakin wanki ne, babu taga, sai jan ƙwan fitila da tasoshi uku da igiyar shanya hotuna. A nan ya yi ƙuruciyarsa a hannun wani dattijo mai zafin rai, wanda ya koya masa gyaran tsohon hoto da fensir mai tsinin allura da ɗan buroshi. Dattijon yana da doka ɗaya: ka gyara abin da takarda ta ɓata, kada ka gyara abin da Allah ya yi. Da wannan sana'a Kar-ka-motsa ya yi aure, ya gina ɗaki uku da tsakar gida, ya kai 'ya'ya huɗu makaranta.

Sai waya ta zo ta mai da kowa mai hoto. Aka daina zuwa gaban labulen. Abin da ya rage masa bai wuce hoton fasfo na masu neman aiki da masu sabunta lasisi ba, sai jefi-jefi a kawo masa tsohon hoton da ruwa ya taɓa. Bai yi ƙorafi ba, amma bai yafe ba. Wayar da 'yarsa ta saya masa a aljihun tebur take kwana, ba ya taɓa ta sai ta yi ƙara.

Abin mamaki, wayar da ta ƙwace masa sana'a ita ta ba shi sabon girma. Da yamma akan taru a kan bencin da ke gaban shagunan, mai agogo da mai katifa da wani ɗan sanda mai ritaya da direbobin da ke jiran layi, kuma ba a rasa abin musu. Yau hoton kada yana tsallaka titi cikin ambaliya, gobe na wani babban mutum yana tura motarsa da kansa, jibi na wata gada da aka ce an gama alhali wanda ya bi ta wajen ya rantse ko ginshiƙi babu. In musu ya kaure sai a ce a miƙa wa Kar-ka-motsa. Sai ya saka tabarau, ya riƙe wayar nesa da shi kamar ta ƙazantu, ya ƙirga yatsun mutanen ciki, ya bi inuwa.

"Rana ɗaya ce a sama," yakan ce, "amma inuwar mutumin nan ta yi gabas, ta motar ta yi yamma. Haɗi ne."

In ya ce haɗi ne, magana ta ƙare. Har daga wasu layukan ake turo masa. Da aka fara zancen ƙirƙirarriyar basira a rediyo, ana cewa na'ura za ta zana maka mutumin da ba a taɓa haifa ba, shi ne kan gaba wajen tsine mata. Mai agogo, abokinsa tun suna samari, wanda in Kar-ka-motsa ya ce fari shi sai ya ce baƙi, yakan tsokane shi da cewa ci gaba ne.

"Ci gaban mai haƙan rijiya," in ji Kar-ka-motsa. "Na'ura ba ta da kunya, shi ya sa take ƙarya ido a bushe. Mutum in ya yi ƙarya aƙalla yakan sunkuyar da kai."

Abin da 'yan benci ba su sani ba shi ne hannunsa ya fara rawa. Maiɗakinsa kaɗai ta lura, don ta ga shayi yana zuba masa a riga. Idon yana nan da kaifinsa, amma fensirin ya daina bin umarni.

A cikin haka wata malamar firamare ta kawo masa hoton mahaifinta. Daga tsohon katin shaida aka ɓamɓaro shi, bai fi akwatin ashana ba, hatimi ya rufe rabin fuska, danshi ya cinye sauran. Ta ce shi ke nan abin da ya rage musu, kuma an ce mata in ba shi ba babu mai iyawa. Ya karɓa. Kwana huɗu yana fama da kwafin da ya faɗaɗa, duk layin da ya ja sai ya karkace. A rana ta biyar 'yarsa ta fari, wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, ta biyo ta gaishe shi ta tarar da shi ya yi tagumi.

"Baba, kawo in gwada wani abu."

Ta ɗauki hoton da wayarta, ta danna nan ta danna can. Kafin ya gama goge tabarau ta miƙo masa. Ga wani mutum kamili yana kallonsa, fata sumul, hanci har baka, ɗan murmushi a gefen leɓe, kowane gashin gira a wurinsa. Kar-ka-motsa ya ƙura wa hoton ido. A shekarunsa na ƙarfi ma bai taɓa fitar da aiki mai kyan wannan ba.

"Wannan ba aikin mutunci ba ne," ya ce. "Goge shi."

Ta ce to, amma ta riga ta tura masa a tasa wayar. Bayan ta tafi ya buɗe aljihun tebur ya duba, ya mayar, ya sake dubawa. Washegari ya buga shi babba, ya saka a firam. A ransa ya ce zai gaya wa malamar yadda aka yi, in ta so ta karɓa, in ba ta so ba shi ke nan.

Da malamar ta ga hoton sai ta zauna a kujerar nan mai hannu, ta rufe baki da mayafi, hawaye yana zuba.

"Baba, hannunku na mutanen da daban ne. Ƙanina ya ce in kai wa masu waya, na ce ba zan bari na'ura ta taɓa fuskar mahaifina ba."

Ya buɗe baki. Maganar ta zo har kan harshe. Sai ya ji kansa yana cewa, "Allah ya jiƙansa." Ta yi godiya ta rungume firam ɗin ta fita.

Zancen duniya ba ya ɓuya, balle na alheri a bakin malamar makaranta. Cikin wata guda aka fara zaƙulo hotuna daga ƙasan akwatuna ana kawo masa. Ya sa 'yarsa ta saka masa manhajar a waya, ya ce don ya san makircin abin ne, ita kuma ta yi kamar ta yarda. Duk wanda ya kawo hoto sai ya juya shi gaba da baya, ya girgiza kai, ya ce a dawo bayan mako guda. Sannan ya shige ɗakin wanki ya ja ƙofa. Tasoshin nan uku sun shekara goma a bushe, amma 'yan benci in sun ga ƙofar a rufe sukan rage murya, wai kada a dame shi. Shi kuwa yana zaune a kan kujera 'yar tsuguno, hasken waya a fuskarsa, aikin mako guda yana ƙarewa kafin mai agogo ya ɗaure ƙusa ɗaya.

Maiɗakinsa ba ta yi masa wa'azi ba, ba halinta ba ne. Sai dai in ya dawo gida takan ce, "Sannu da aiki, Malam. Yau ma an sha wahala?" Yadda take jan kalmar wahalar ya ishe shi.

Ba za a ce bai lura ba. Idon da ke kama inuwar da ta yi yamma ba zai rasa ganin wannan ba. In hoto yana da sauran fuska, na'urar takan bi abin da ta tarar. In kuwa fuskar ta tafi, ba ta cewa ban sani ba, sai ta cike gurbin da abin da ke cikinta, kuma abin da ke cikinta kusan mutum ɗaya ne: hancin nan, girar nan, murmushin nan na gefen leɓe. Ya gani a na uku, ya sake gani a na bakwai. Ya ce wa kansa ai mutanen zamanin da can sukan yi kama da juna.

Wani direban babbar bas mai dogon zango ya kawo nasa. Mutum ne ƙato mai ƙaramar murya, ya haura arba'in. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu yana ɗan shekara huɗu. Hoton na taron ma'aikata ne, mutum ashirin a jere, kan mahaifin bai fi ƙwayar wake ba, shi ma gara ta bi ta kai.

"Baba, ban san fuskarsa ba," in ji direban. "Inna takan kwatanta mini, amma kwatance ba gani ba ne. Ko da inuwarsa ce a fitar mini."

Wannan shi ne wanda ya kamata Kar-ka-motsa ya mayar ya ce ba zai yiwu ba. Ya san haka tun yana riƙe da shi. Ya ce a dawo bayan mako guda.

Wata huɗu hoton yana rataye a falon direban kafin abin ya fashe. 'Yar direban ta karye a hannu, malamar ajinsu ta je dubiya, kuma ita ce malamar nan ta farko. Tana ɗaga kai daga gaisuwa sai ta ga mahaifinta a bango sanye da hular ma'aikatan jirgi. Ta tambayi matar gidan inda suka sami hoton babanta. Matar ta ce wane babanta, wannan ai surukinta ne. Malamar ta nuna nata a waya. Matar direban, ba da mugun nufi ba, ta jera hotunan biyu ta tura a zauren unguwa na waya, ta rubuta a ƙasa cewa a zo a ga ikon Allah.

Kafin la'asar unguwa ta rabu uku. Wasu suka ce tagwaye ne aka raba tun suna jarirai. Wasu suka ce mutum ɗaya ne ya yi rayuwa biyu da suna biyu. Masu wayewa suka ce wani ɗan iska ne ya haɗa hotunan don ya tada fitina. Da musu ya ƙi ƙarewa a benci, ɗan sanda mai ritaya ya yi abin da aka saba, ya miƙa wa Kar-ka-motsa wayar.

"Kai ka wanke su duka biyun, kai za ka raba gardama. Akwai haɗi a nan ko babu?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kar-ka-motsa ya karɓi wayar. Ya saka tabarau, ya cire, ya goge, ya mayar. Mutum takwas suna jiransa.

"Abin da aka kawo mini shi na gyara," ya ce. "Mutane sukan yi kama."

Mai agogo ya ɗago daga kan teburinsa, gilashin gyara maƙale a ido ɗaya, ya dube shi da ɗayan. Wannan ne karo na farko a shekara talatin da bai yi masa musu ba.

Maganar ta bar benci da wata kama. Abin da ya isa zauren waya shi ne Kar-ka-motsa ya duba ya ce babu haɗi. Tun da alƙali ya yanke, sai aka shiga neman dalili. Wani ya tuna cewa mahaifin malamar ya taɓa zama kusa da gidajen ma'aikatan jirgi. Wata ta ce a dubi hancin direban da kyau. Ba a faɗa ƙarara ba, amma zancen ya sauka daga kan matattu ya hau kan mai rai, wato mahaifiyar direban, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya wadda ta yi wankau da guga ta raini ɗanta ita kaɗai.

Kwana uku Kar-ka-motsa yana buɗe shago yana rufewa, bai zauna a benci ba, ya ce mura ke damunsa. A rana ta huɗu da safe maiɗakinsa ta ajiye masa shayi, ba ta koma ciki ba.

"Malam, tsohuwar nan ta daina fitowa ko bakin ƙofa. Jiya a wajen famfo na ji abin da ake faɗa a kanta, da bakina ba zan maimaita ba. Ni dai ban taɓa sa maka baki a sana'a ba. Amma wannan ba sana'a ba ce kuma."

Bai sha shayin ba. Ya saka takalmi ya fita, ya bi ta bayan layi don kada ya haɗu da kowa.

Ya tarar da tsohuwar a tsakar gida tana ninke kayan jikokinta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ƙi kujerar da aka kawo. Ya fara magana daga nesa, yana kewaye-kewaye, zancen hannu da tsufa da yadda zamani ya canza. Ta bar shi har ya gaji ya faɗi abin da ya zo faɗa: hoton da ke falo ba aikin hannunsa ba ne, na'ura ce ta ƙirƙiro fuskar, kuma fuskar ba ta kowa ba ce.

Ta ci gaba da ninke wata 'yar riga har ta gama.

"Mai hoto, kana tsammani ban san mijina ba? Shekara tara muka yi. Mutum ne mai faɗin fuska, kunnensa na hagu ƙofar tarago ta datse masa rabi, haƙoransa na gaba sun hau juna, shi ya sa ba ya dariya a gaban mutane. Wannan na bango ai ko a mafarki mijina bai kai shi kyau ba."

"To, Inna, me ya sa ba ku faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Yaron nan ya shigo da shi a rungume kamar an ba shi jariri. Kullum in zai fita aiki sai ya tsaya a gabansa ya ce, Baba, na tafi. Shekara arba'in bai sami wanda zai ce wa haka ba. Na ce a raina, mai hoto ya yi iya ƙoƙarinsa, hannu ne ya kuskure, bari in rufa masa asiri in bar yaro da abinsa. Ban san rufin zai dawo kaina ba."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya gode mata. Tsohuwar da ake ci wa mutunci saboda shi, ita ce ta yi wata huɗu tana rufa masa asiri, kuma asirin da ta ɗauka tana rufewa bai kai rabin na gaskiya muni ba.

"Ni na yafe," ta ce. "Bakin mutane ba yau na fara jin sa ba. Amma shi, kai za ka gaya masa, ba ni ba. Yana ciki, jiya ya sauka daga hanya."

Direban ya saurare shi a tsaye a falo, hoton yana sama da kansu. Bai katse shi ba, bai ɗaga murya ba. Da Kar-ka-motsa ya gama, ya miƙa hannu ya sauke firam ɗin a hankali, ya dube shi, ya kife shi a kan tebur.

"To, Baba, wata huɗun nan wa nake gaisarwa?"

Direban bai jira amsa ba. Ya buɗe masa ƙofa cikin ladabi ya ce a gaida gida. Kar-ka-motsa ya sha faɗa wa maiɗakinsa daga baya cewa da mari aka yi masa da ya fi sauƙi.

Da yammar ranar ya fito ya zauna a benci da wayarsa a hannu, abin da ba a taɓa gani ba. Ya ce yana da magana. Ya faɗe ta tun daga hoton malama har zuwa ƙofar ɗakin wanki da yake ja a banza, idonsa a kan takalminsa. Ɗan sanda mai ritaya bai gamsu ba, ya ce a nuna a gani. Sai Kar-ka-motsa ya ɗauko wani tsohon katinsa na ƙungiyar masu hoto wanda ya koɗe har ba a gane kowa, ya ɗauka da wayar, ya danna. Aka haɗa kai ana kallo. Ga mutumin nan ya fito, hanci har baka, da murmushinsa na gefen leɓe, sanye da rigar Kar-ka-motsa.

Mai agogo ya karɓi wayar ya duba da kyau.

"Ashe kai ma ɗan gidan ne," ya ce. "To mu yi maka ta'aziyya ko barka?"

Dariya ta ɓarke har mai katifa yana riƙe ciki. Nan take mai katifan ya tuna cewa kawun matarsa da aka gyara a watan jiya haka yake sak. Wani direba ya ce kakansa ma. Kafin a tashi an raɗa wa mutumin suna, Baban Kowa. Kar-ka-motsa bai yi dariya ba, amma bai tashi ba, ya zauna aka gama a kansa. Sannan ya roƙi mai agogo ya nuna masa yadda ake tura murya a zauren unguwa. Sau huɗu yana farawa yana gogewa. Na biyar ya tafi: babu wata alaƙa tsakanin mamatan nan biyu, laifin nasa ne shi kaɗai, duk wanda ya faɗi wata magana a kan baiwar Allah nan ya je ya nemi gafararta. Wasu sun je. Wasu suka ce su dama tun farko ba su yarda ba.

Gida goma sha tara ya yi wa irin wannan aiki, kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya cikin mako biyu. A wasu gidajen fuskar ta asali ce, na'urar ba ta ƙara komai ba sai haske, aka ce masa ya je ba komai. A wani gida aka bar shi tsaye a waje aka miƙo masa firam ɗin ta ƙofa. Wata mata ta yi dariya har da hawaye, ta ce dama ta yi mamakin yadda mijinta ya ƙara kyau bayan mutuwa. Malamar kuwa ta saurare shi har ƙarshe, ta ce ta ji, amma ba za ta sauke nata ba. Ta ce goshin na babanta ne, kunnuwan ma nasa ne, sauran kuma ta saba da shi. Ƙaninta ya ce muddin baƙon nan yana bango ba zai ƙara zama a falon ba. Har yanzu ba su daidaita ba, in ya zo a tsakar gida suke gaisawa.

A benci ma musun bai mutu ba, sai dai ya sake salo. Wasu suna cewa laifin na'ura ne, wasu suna cewa na'ura ba ta ce wa kowa a dawo bayan mako guda ba. Har yanzu akan miƙo wa Kar-ka-motsa waya in hoto ya rikita mutane, don ba a sami wanda ya fi shi ido ba. Yakan duba ya faɗi abin da ya gani a taƙaice, ba ya ƙara huɗuba a kai. In an kawo tsohon hoto yakan gaya wa mai shi tun a tsaye cewa hannunsa ya daina, ga abin da waya za ta iya, ga inda za ta fara ƙarya, in fuska ta tafi ta tafi. Hanyar gidan direban kuwa ya bar bin ta, ya gwammace ya zaga ta bakin tasha ko da rana ta take.

Bayan kamar wata biyar, wata safiya yana cikin shara, inuwa ta rufe ƙofar shagon. Direban ne, riƙe da hannun mahaifiyarsa, ta sha sabon zane. Kar-ka-motsa ya tsaya da tsintsiya a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa. Suka gaisa gaisuwar mutanen da ba su da abin cewa.

"Baba, Inna na kawo ka ɗauka," in ji direban. "Tun tana nan. Da kyamara, a gabana."

Kar-ka-motsa ya goge kujerar mai hannu sau biyu. Ya kafa kyamarar a kan ƙafafunta don kada rawar hannu ta shiga aikin. Tsohuwar ta ce a kawar da furen roba, ita ba yarinya ba ce. Ya ɗauka sau uku, ya buga a injin gaban shago, ƙofa a buɗe, direban yana tsaye a kansa har takardar ta fito.

Direban ya karɓi hoton ya kai shi kusa da fuskar uwarsa. Ya dubi wannan ya dubi wancan, ya bi tamojin goshi da ɗan tabon da ke ƙasan ido. A da babu wanda ya taɓa gwada aikin Kar-ka-motsa da mai shi a gabansa. Kar-ka-motsa ya sunkuyar da kai ya jira.

"Ita ce," in ji direban.

Tsohuwar ta karɓa ta kai shi nesa, ta dawo da shi kusa, ta taɓe baki.

"Haka na tsufa? Mai hoto, kai ma dai. Wanda ya mutu ka mai da shi saurayi, ni da nake raye ka bar ni da kayana."

Direban ya yi 'yar dariya ta hanci, ya ce a buga musu guda uku, ɗaya babba na bango. Kar-ka-motsa ya ce su zauna, ba za a daɗe ba.